Laifin da na amsa don in yi sallah a gida

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara ƙara ba, ina gadi a wani babban kanti a Al Gharrafa, wajen Doha, mu shida a ɗaki ɗaya. Wani likita ɗan garinmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya samo mini aikin tsaron ƙofa a wasu gidaje a Al Wukair. Aikin har da ɗaki da kicin, kuma sabon kafil ɗin, wato ubangidan da zai ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya ce zai tsaya mini in kawo matata. Shekara bakwai tana Kano ina nan.

Abu ɗaya suka nema, takardar 'yan sanda daga gida mai nuna ba a taɓa samuna da laifi ba. Na dangwala yatsu na aika ina dariya.

Da takardar ta iso, likita ya kira ni.

"Malam, ka taɓa shiga kotu?"

"Ni? Ko shaida ban taɓa yi ba."

"To ga shi an rubuta ka ta da hankalin jama'a."

Sai da na zauna. Ashe wancan ne. Ina ɗan shekara ashirin ina acaɓa, ana jibi sallah, faɗa ya kaure a tasha a kan layi. Ni rabo ma na shiga, wallahi, aka kwashe da ni. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce wanda ya amsa laifi tara kawai zai biya, wanda ya musa ya yi sallah a gidan yari yana jiran shari'a. Mahaifiyata ta leƙo ta taga, mayafinta a karkace, ta ce, "Kai ɗan nan, amsa mu tafi, na jiƙa gero." Na amsa. Ta sa ni a gaba har gida tana zagina tana dudduba ko sun dake ni.

Likita ya yi iya yinsa. Ya nemo lauya a waya, na tambaye shi ko ba a gogewa, abin shekara ashirin da wani abu. Ya ce shi dai bai san hanya ba sai afuwar gwamna. Gwamna! Ni da ko kansila bai san sunana ba. Kafil kuwa kallo ɗaya ya yi wa takardar ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Aka ba wani mutum aikin, da ɗakin. Matata ba ta taɓa taka Doha ba.

Ranar na buga wa mahaifiyata, raina a ɓace, na ce ke kika ce in amsa. Ta ce, "To da in bar musu kai?"

Ta rasu yanzu. Haushin takardar bai sake ni ba har yau, kuma duk yaron da ya tambaye ni ina gaya masa kada ya amsa abin da bai yi ba, ko da zai yi sallah uku a tsare. Amma in za a mayar da ni kotun nan, ita tana tsaye a taga, ƙarya nake. Zan sake amsawa.