Saƙon Dandin Mahe

Ina aji uku a jami'a na haɗa wata 'yar manhaja mai kama 'yan damfara. Na tara saƙonnin 'yan yahu rututu na ɗura mata har ta gane salonsu: doguwar gaisuwa, addu'a ba iyaka, "ni aminin wane ne", sannan gaggawa. Da ta ga haka sai ta nuna ja. Lokacin ji nike duk Bodinga ba gaye kamata.

Baba tela ne a kasuwa, bai yi boko ba, ni ke karanta mai saƙo in na zo hutu. Wata Laraba saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba. Gaisuwa layi shida, ina gida, ina ɗinki, Allah shi ƙara girma. Mai saƙon ya faɗi sunansa, ya ce ya dawo Dandin Mahe daga kurmi, jiki ya ƙi, Baba shi zo maza su ga juna.

Baba ya san sunan. Ya ce a jamhuriya ta biyu, da anka shiga tsuke bakin aljihu ba mai kawo ɗinki, geron mutumin nan ya riƙe gidanmu damina guda. Har ya ɗauki hula.

Ni ko tuni yatsa ya yi aiki, na saka saƙon cikin manhaja, ta nuna ja. Na yi ta dariya, na ce mai haka suke yi, su tono tsohon suna su jawo mutum, ga hanya ba lafiya.

"Baba, na'ura ba ta ƙarya."

Ya dube ni, ya aje hular, ya koma kan keken ɗinki. Na toshe lambar, na tura hoton saƙon a zauren 'yan ajinmu, anka yi ta min kirari. Ko kiran lambar ban gwada ba.

Bayan kwana tara wani mai albasa daga Dandin Mahe ya kawo ɗinki, cikin hira ya ce sun rufe mai saƙon nan shekaranjiya, kafin ya cika yana ta tambaya ko telan ya iso. Wai maƙwabci ya rubuta mai saƙon, marigayin ya hana a rage ko kalma ɗaya daga gaisuwar, don ba a yi wa tsohon amini gaisuwar tsaye.

Baba bai yi min faɗa ba. Na ce in raka shi ta'aziyya, ya ce in zauna in tsare shago. Tun daga ranar, in saƙo ya shigo, ko ina zaune a gabansa, telan da ke kusa da mu yake miƙa ma wayar.