Ƙwallon da ta shiga bayan kiran Magariba

Shekarun baya masu nisa, sarkin farko na ƙasa mai tsarki bai daɗe da rasuwa ba, ina saurayi gemu bai gama haɗuwa ba, na fara koyarwa a wata makarantar manyan ɗalibai a unguwar Jarwal, cikin birnin Ɗakin Allah. Da ɗalibai suka matsa suna son ƙwallon ƙafa, sai mudir, wato shugaban makarantar, ya ɗora min horar da su. Iyakar ilimina a harkar shi ne na taɓa kallon wasa a Jidda. A wancan zamanin wannan ya isa a kira mutum gwani.

Iyaye da yawa ba su so ba, suna cewa ƙwallo za ta hana yara salla. Don haka mu masu horarwa muka yi wata yarjejeniya: a fara bayan La'asar, kuma da ladan ya ce “Allahu Akbar” na Magariba wasa ya ƙare, ko ina ƙwallon take. Babu agogo, babu ƙarin lokaci. Da wannan alkawarin aka ƙyale mu.

Ɗalibaina akasari ’ya’yan gidajen Hausawa ne irina, suna da ƙarfi da juriya, amma ka ba su ƙwallo gaban gola sai su aika ta bayan gari. Da na ga haka, sai na koya musu tsare gida. Mu toshe ko’ina, mu daure, ladan ya cece mu. Kullum ina tsayawa a gefen filin da ke kusa da wani ƙaramin masallaci, kunnena na can. Ladaninsa tsoho ne mai siririyar murya, amma ko gyaran murya ya yi sai na ji.

Abin ya yi aiki har ya wuce gona da iri. Ba a cin mu, mu ma ba ma ci. Larabawan unguwa suka sa min Abu Ta’adul, wato uban canjaras. Mahaifiyata kuwa in na shigo gida sai ta ce, “To, yau ma an yi wahalar banza, ko?” In ce, “Inna, ba a ci mu ba.” Ta ce, “Ni ma da nake zaune nan ba a ci ni ba.”

Wata rana mudir ya kira ni. Ya ce, “Ya ustaz, iyaye sun dame ni, kuma ba ni da abin nuna musu. Wasanku da makarantar Zahir, in ba ku yi nasara ba, halas, shi ke nan, na ɗauke ƙwallon.” Ƙwallo ɗaya ce tal a makarantar. Ɗauke ta na nufin ƙungiyar ta mutu.

Mai horar da ’yan Zahir abokina ne, Bahaushe da iyayensa suka biyo ta Sudan. Ya fi kowa shan haushin dabarata, don sau da yawa ’yan wasansa na dab da cin mu sai in ɗaga hannu in ce an kira salla. Ya yi ta ƙunƙuni, amma bai taɓa musa min ba.

Ranar wasan, kowa ya ci ɗaya. Rana ta faɗa bayan duwatsu, na ce wa ɗalibaina, “Yalla, kowa ya tafi gaba!” abin da ban taɓa faɗa ba. Ɗan gabanmu ya samu ƙwallo, ya wuce mai tsaron gida. ’Yan kallo suka kaure da ihu. A cikin ihun nan na ji siririyar muryar tsohon ta ɗaga. Yaron bai riga ya buga ba. Sannan ya buga, ta shiga.

Alƙalin wasa ya ce an ci. Ɗalibaina suka yi ta tsalle suna rungumar juna. Mudir na tafi. Abokina ya sunkuyar da kai ya nufo ni zai ba ni hannu. Babu wanda ya ji abin da na ji.

Ba zan ɓoye ba, ina son ƙungiyar nan kamar raina. Amma ban yi dogon tunani ba. Na je wajen alƙali na ce kiran salla ya riga ƙwallon. Abokina ya ja ni gefe ya ce, “Kai ɗan’uwa, ka haukace? Ni ban ji komai ba. Ka karɓi abinka, ka san abin da mudir ya ce.” Na ce, “Duk ranar da na ce maka na ji, ka yarda da kunnena. Yau ma shi ne dai kunnen.” Aka tashi ɗaya da ɗaya.

Mudir ya cika maganarsa. Washegari ƙwallon ta shiga kabad aka kulle, ban kuma sake horar da ƙungiyar makaranta ba. Ɗan gaban nan ya daɗe ba ya gaishe ni da sakin fuska, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan ɗan lokaci abokina ya fara zuwa Jarwal da tasa ƙwallon a hammata, yaranmu da nasa suna bugawa a matsayin ’yan unguwa, har kiran Magariba.

Har yau ban yi nadama ba. Dokar da na ci amfaninta shekara da shekaru, ba ranar da ta juyo kaina zan ce ban san ta ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gardamar da ta biyo baya. Muka yi aure, muka yi jikoki, duk zaman shayi sai abokina ya ce ƙwallon nan ta riga ladan, ni na ci shi. Ni kuma in rantse ban ci ba.

Da ya kwanta ciwon ajali a gidansa na unguwar Shisha na je duba shi. Da ƙyar yake magana, amma ya kama hannuna ya ce, “Wallahi ka ci wasan nan.” Na ce, “Wallahi ban ci ba.” Ya yi murmushi ya rufe ido. Allah ya jiƙansa, ya tafi bai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Wannan ma canjaras muka tashi.