Lami Tsakanina da Baba

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina a sanyaye yake. Amma bari in fara gabatar da Lami, kada wani ya yi azarɓaɓin ce min maciji a mafarki maƙiyi ne. Lami mesa ce, ta gidanmu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, wasa da macizai yake yi a kasuwannin ƙauye, ita kaɗai ya bari da ya rasu bara. Ranar Alhamis ya samo ta, shi ya sa sunan.

Da sanyin nan ya tsananta sai tausayinta ya kama ni, na jingina kaskon garwashi da akwatinta na ƙarfe. Ashe mesa ba ta gudun zafi, lafewa take yi a jikinsa. Garin neman gira na rasa ido. Cikinta ya ƙone, ciwon ya yi ruwa, yau sati uku ko ɓera ba ta kallo. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ce in riƙa wankewa ina shafa magani, sauran kuma sai Allah.

A mafarkin na ɗauko ta a kwando zan kai ta wurin likitan. Sai kawai na ga asibitin ya koma wata tsohuwar rumfar kasuwa, ruwa har gwiwa, mutane sun yi layi kowa rungume da akuya, ba mai magana. Kwandon sai ƙara nauyi yake. Wata mata da ban sani ba ta leƙa ciki ta ce, "Ta ci abinci?" Ba ta ko jira amsa ba ta wuce.

Sai kawai ga ni a gaban layi, likitan kuma Baba ne, da farar rigar asibiti a kan tsohuwar 'yar shararsa. Garau da shi, ko tarin nan da ya yi fama da shi kafin ya rasu babu. Ya kwantar da Lami a cinyarsa, ya jiƙa auduga da ruwan ɗumi yana goge ciwon a hankali, yana yi mata 'yar waƙar da yake yi ƙasa-ƙasa in zai buɗe kwando a kasuwa. 'Yar gatan kuwa ta miƙa masa ciki kamar mage. Ni da kullum sai na sha huci kafin ta bari in taɓa ta.

"Wa ya haɗa ta da wuta?" ya tambaya, bai ko ɗago ba.

"Baba, ni ce. Gani na yi tana jin sanyi."

Ya ci gaba da goge ciwon. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Sai kawai ya ɗaga riga ya sa Lami a jikinsa, yadda yake ɗumama ta duk shekara, abin da ni tsoro bai taɓa barina in yi ba. Can ya zaro ta ya miƙo min kanta. Na runtse ido na sa ta cikin hijabina. Sanyinta kamar ruwan randa, tana motsi a hankali a wuyana. Kuka ya ƙwace min, kukan daɗi, don ƙanshin Baba ne a jikinta.

Daga nan ruwan ya fara tafiya da rumfar. Baba yana yin nisa, Lami tana ƙara tsawo, rabinta a hannunsa, rabi a jikina. Ba ja yake ba, bai kuma saki ba. Na ɗaga murya na ce, "Baba, ba ni kake yi ko karɓa?" Ya buɗe baki ke nan kiran sallah ya tashe ni.

Ko takalmi ban sa ba na nufi akwatin. Tana nan da ranta, ta zaro harshe sau ɗaya ta mayar. Ciwon yana nan yadda na bar shi.

Kakarmu takan ce in mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne, in kuwa karɓa ya yi, ka fara ba kanka haƙuri. To ni na farka kowa yana riƙe da rabi. Masu sani, don girman Allah ku faɗa min: Baba bar min ita ya zo yi, ko ya ga ban iya riƙon amana ba ya zo ɗaukar abarsa?