Bakwainina da Kunyar Ɗan Fari

Ɗana na fari bai jira kowa ba. Wata bakwai ya faɗo duniya, a ɗakina a Kumbiya-Kumbiya, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, tun ba a kai ni gidanmu haihuwa ba. Sai ga ni ina jego a gidan miji, a idon uwar mijina da ƙanwarta.

Ɗan kuwa kamar ɗan tsako. Aka naɗe shi cikin auduga, abin da ba ma rasawa a Gombe, aka kwantar da shi kusa da kaskon wuta. Kuka yake, irin wanda sai ka kasa kunne za ka ji, jikinsa na karkarwa, ya ƙi kama nono.

A wurinmu ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, nono ma sai an lallashe ta, ta juya fuska bango. Kwana uku ina wannan kawar da kai, kamar wadda aka ba ajiyar ɗan maƙwabta. Kowa ya ɗauka ya jijjiga, ɗa sai ƙara lanƙwashewa yake.

Yanzu jikata mai aikin jinya ta ce abin da na yi a rana ta huɗu har koya wa masu jego ake yi. Ni lokacin ko bihim ban sani ba a boko, sai da na yi furfura na shiga ajin manya. Tsoro ne ya koya mini. Na fito daga wankan jego da hantsi, jikina na tururi, na tarar kukan ya koma shessheƙa. Na warware audugar, na manna shi a ƙirjina, fata da fata, na ɗaure mu da zane ɗaya.

Uwar mijina ta shigo da kunun kanwa, ƙanwarta na biye.

"La ilaha illallahu! Ke 'yar nan, ɗan farin kika rungume haka? Ina kunyarki?"

"Tana nan, Inna. Na ajiye ta sai ya yi ƙiba."

Ƙanwar ta riƙe haɓa. "Mu dai a baya muka san goyo. Na gaba kam sai biri."

"To Goggo, kin taɓa jin ɗan biri na shessheƙa?"

Kafin in rufe baki karkarwar ɗan ta tsaya. Numfashinsa ya daidaita, ɗan hannun da ya dunƙule ya buɗe. Can sai na ji bakinsa na lalube. Ya kama, ya ja sau biyu, ya huta, ya sake ja.

Inna ta daɗe tana kallonmu. Ta dire ƙwaryar kunun gabana, ta saki labule, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Ina jin ta tana tare matan da suka zo barka.

"Mai jegon na barci. Ku bar gaisuwar a nan, zan isar."