Kwana huɗun da Ankul Tan ya yi a tsare saboda ni

Ba zan faɗi sunana ba, domin iyayena sun sha kunyar da ta ishe su. Ni ɗan manomin citta ne daga kudancin Kaduna. Na taso ina waƙa a ƙungiyar matasan coci, ban taɓa shan ko taba sigari ba. Da na gama sakandare da sakamako mai kyau, 'yan'uwa suka haɗa ƙarfi suka turo ni Kuala Lumpur karatun kwamfuta a wata jami'a da ke Bukit Jalil. Ku matasa da ke karanta wannan, ku sani ba yunwa ce ta kai ni gidan yari ba. Son a yaba mini ne.

A Sri Petaling nake haya, kuma a bayan layinmu akwai wani dattijo ɗan asalin Sin mai sayar da dashen furanni da kayan lambu. Kowa Ankul Tan yake ce masa. Wata Asabar na tsaya ina kallon wata citta da ya dasa a buhu, na ce masa ruwa ya yi mata yawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tura yatsa cikin buhun, ya yi dariya ya ce na yi gaskiya. Daga ranar na zama ɗan gida. Duk ƙarshen mako ina can ina taya shi, shi kuma ba ya barina in tafi sai na ci abinci. "Makan tukuna," haka yake cewa, wato ci abinci da yaren Malay, ya tura mini kwanon shinkafa.

Ban taɓa ganin mai sanin tsiro kamarsa ba. Mutum zai shigo da tukunyar barkono ko lemun tsami, fuska a murtuke, Ankul ya juya ganye ɗaya ya faɗi abin da ke damunta. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, yunwa ce. In gefen ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta, sau da yawa taki ne ya yi yawa. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne tsamin ƙasa. Ya ce in ƙasa ta yi tsami, ko ka juye mata buhun taki saiwa ba za ta iya ci ba, don haka a gwada ƙasa kafin a zargi tsiro. Yana da wata 'yar na'ura mai tsinke da ake cakawa a tukunya ta nuna tsamin, ya rubuta sunan shagonsa a jikinta da jan fenti, kamar yadda yake yi wa duk kayansa.

Kuma ba ya cutar kowa. Na ga wata mata ta zo za ta sayi taki mai tsada, ya hana ta, ya ce ta je ta sauya ƙasar tukunyar kawai. Da na ce masa ya kori ciniki, sai ya ce tsiron nata ba ya bukata, to me zai sayar mata?

A shekarata ta biyu wani ɗan ajinmu, zan kira shi Kelvin, ya nuna mini hoton ganye a waya, ya ce tumatir ɗin abokinsa ne ke ciwo. An yanke hoton yadda ba a ganin tsiron duka, amma ɗan manomi ya san ganyen tumatir. Na gane wiwi ce. Na ce a raina, ai magana ce kawai, ba ni na shuka ba. Na faɗa masa abin da nake zato. Bayan mako biyu ya tare ni a kantin mamak, irin gidan abincin Indiyawan ƙasar, inda muke shan shayi, ya rungume ni a gaban mutane yana kirana Likita. Daɗin sunan nan ya shige ni.

Hotuna suka ci gaba da zuwa. Sannan wata rana ya ce hoto ba zai wadatar ba, sai na zo na gani da ido. Na ce wa Ankul zan ari na'urarsa in duba lambun wani abokina. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Boleh, ba komai, ɗauka."

Gida ne a hawa na sama a wani dogon bene. An toshe tagogin ɗaki ɗaya, fitilu na ci da rana tsaka, fanka na juyawa, tukwane jere a ƙasa. Warin ya buge ni tun daga falo. Mutum biyu da ban sani ba suka tsaya suna kallona kamar masu jinya. Tsire-tsiren sun yi rawaya, su kuma kullum ƙara taki suke. Na caka na'urar na ga ƙasar ta yi tsami, na yi musu bayanin da Ankul ya koya mini, kusan kalma da kalma. Na koma sau biyar. A zuwa na ƙarshe suka ba ni wani ƙunshin wiwi a leda wai tukuici. Ban sha ba, ban kuma jefar ba, na cusa shi a durowa. Na'urar kuwa na bar ta can, don sun ce za su riƙa gwadawa da kansu.

Ranar wata Talata 'yan sanda suka fasa gidan. Kelvin da ɗaya daga cikin mutum biyun nan suka tsere, aka kama ɗaya. A cikin kayan da aka kwashe har da na'ura mai jan fenti. Kafin la'asar sun je shago sun tafi da Ankul Tan, dattijo mai ciwon suga da ya haura saba'in.

Na gudu Wangsa Maju na ɓuya a ɗakin wani ɗan cocinmu, na ce masa zazzaɓi nake. Kowane motsi a ƙofa sai in ce 'yan sanda ne suka zo, domin na san Ankul ya san wanda ya ari na'urar. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. A rana ta huɗu da safe 'yarsa Mei Ling ta kira ni. Na yi zaton zagi ne. Muryarta a dashe ta ce an bar ta ta ga babanta, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya ba ta saƙo gare ni: dashen barkono za su mutu, in je in ba su ruwa, ni kaɗai na san yadda yake so.

Na hau jirgin ƙasa na je shagon. Na buɗe famfo na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Da na gama na naɗe tiyo na rataye shi inda yake ratayewa, na tafi ofishin 'yan sanda da ƙafata na faɗi komai. Da yamma suka saki Ankul. Suka kai ni ɗakina suka ciro ƙunshin nan daga durowa.

Lauya ya gaya mini cewa laifin shuka wannan abu a ƙasar zai iya cinye rayuwar mutum a kurkuku, ga bulala. Saboda na kai kaina kuma na ba da haɗin kai, aka tuhume ni da laifi mai sauƙi a kan wancan. Duk da haka na yi shekaru a ciki, jami'a ta kore ni, mahaifiyata ta kwanta ciwo da ta ji labari. Kelvin bai taɓa aiko ko gaisuwa ba.

Wanda ya zo shi ne Ankul. Wata na uku aka ce ina da baƙo, na fito na gan shi a bayan gilashi yana dogara sanda. Na kasa ɗaga ido. Na tambaye shi me ya sa bai faɗi sunana ba tun ranar farko, ya huta.

Ya ce, "Ban yi musu ƙarya ba. Na ce na san wanda ya ara, kuma zai zo da kansa. Wanda aka kamo da wanda ya kawo kansa ba ɗaya ba ne a gaban alƙali."

Na ce, "Ankul, da ban zo ba fa?"

Ya ce, "Da na faɗa. Amma na yi shekara biyu ina kallon yadda kake riƙe tsiro. Na ce bari in jira."

Bai yi mini wa'azi ba. Ya tambaya ko ina cin abinci, ya ce in akwai lambu a gidan yarin in nemi a sa ni. Na nema, aka sa ni, kuma aikin nan ne ya riƙe hankalina har na fito. Kusan duk bayan wata biyu yana zuwa, har ƙafa ta hana shi.

Da wa'adina ya cika aka wuce da ni filin jirgi kai tsaye, aka dawo da ni Najeriya. Ban samu na je shagon ba. Na durƙusa a gaban iyayena, na kuma tuba ga Allah. Yanzu ina sayar da dashen kayan lambu a garinmu, ina gwada wa manoma ƙasarsu. Bara Mei Ling ta rubuto mini cewa babanta ya rasu a cikin barcinsa.

Ƙannena, in kun je ƙasar mutane, ku kama abin da ya kai ku. In an nuna muku abin da zuciyarku ta gane, kada ku ce ai shawara kawai zan bayar, domin mai ba da shawara yana cikin aikin. Kada ku bari a saye ku da kirari. Kuma in Allah ya haɗa ku da mutumin kirki ya koya muku sana'arsa, kada ku kai iliminsa inda shi ba zai taka ba. Shekarun da na yi a gidan yari na biya su, sun wuce. Kwana huɗun da dattijon nan ya yi a kan siminti yana jirana, su ne har yau ban san yadda zan biya ba.