'Ya'yan Tsamiya Arba'in

Kakata Hajo ba ta taɓa zama a aji ba, amma ban san wanda ya kai ta son tono asalin kalma ba. Da ƙuruciyarta ta yi shekaru tana wankin zannuwan majinyata a wani gidan likita na 'yan mishan can wajen Maraɗi, inda Turawan ke yin Ingilishi, ba Faransancin da ake koya mana a lakwal, makarantar boko, ba. Wata Baturiya mai surutu da ta iya Hausa ita ce ta riƙa ɓare mata manyan kalmomin likitoci kamar gyaɗa. Abin da ta tsinto can shi ta kawo mana bakin murhu a gidanmu na Maourey, cikin Yamai.

Yaran maƙwabta ana ba su labarin kura da zomo, ni kuwa ana ba ni na malariya. Wai mutanen wata ƙasa mai fadama ne suka ɗauka warin fadamar ke kawo musu zazzaɓi, suka sa wa ciwon suna "mugun iska" da harshensu, sauro na gefe yana cizonsu yana dariya. Wata rana ta ce ƙwanjin hannu, wanda Ingilishi ke kira masil, asalinsa "ɗan ɓera" ne, don yana motsi ƙarƙashin fata. Ta mintsini damtsena ta ce nawa ɓeran yunwa ta kashe shi tun bara.

Ina da shekara bakwai, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Innata ta kamu da agana. Ma'aikaciyar jinya ce, wajen majinyata ta ɗauko. Mota ta zo ta tafi da ita wani wuri bayan gari inda ake keɓe masu ciwon. Babana yana aikin gwamnati a Agadas, wasiƙa kan yi makonni kafin ta same shi. Muka rage ni da Kaka.

Daga ranar gidanmu ya zama abin gudu. Aka hana ni lakwal. Mai ga-ruwa ya riƙa juye mana ruwa a tulun da muka ajiye ƙofar gida, ba ya ko ɗaga kai. Maƙwabciyarmu Bazabarma, wadda da ba ta wuni ba ta leƙo ba, sai dai ta ce "fofo", sannunsu ta Zabarmanci, ta bayan katanga kawai. Ina jin ƙawayena suna gaɗa a waje, ba wadda ta kira sunana. Na yi kaɗaici har na soma hira da kaji.

Kwana tara da tafiyar Inna wani mutum daga gidan likita ya yi sallama. Kaka ta fita, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ta shiga ɗaki ta daɗe. Bayan magariba ta hura wuta, ta kira ni, ta ce ga ta nan, yau mai tsawo ce. Na ce ta zo in ji ta.

Ta ce akwai wani gari a bakin ruwan da ya fi koginmu Isa faɗi, wanda ba a hango ƙetarensa kamar yadda muke hango Harobanda a ƙetaren namu. Annoba ta taɓa shigo musu cikin jiragen fatake ta cinye rabin gari. Sai suka kafa doka: duk jirgin da ya zo, ya tsaya tsakiyar ruwa kwana arba'in, ba mai sauka, ba mai hawa. Daga "arba'in" na harshensu aka samo kwarantin, sunan abin da aka yi wa Inna. Akwai wata tsohuwa a garin da 'yarta tilo ke cikin jirgi. Ba ta da kwale-kwale, murya ba ta kaiwa. Sai ta riƙa hura wuta a gaɓa kowace yamma, don 'yar ta hango ta san ba a manta da ita ba.

Na tambaya ko 'yar ta sauko. Kaka ta ce tatsuniyar ba ta ƙarewa sai an cika arba'in. Ta ƙirgo 'ya'yan tsamiya arba'in cikin ƙoƙo, ta ce kullum mu jefa ɗaya a wuta. Na ce ai Inna ta riga ta yi kwana tara, a rage su.

"Takwara," in ji ta, don sunanta aka sa mini, "lissafin yau ya soma."

Haka muka yi. Kowace yamma tsohuwar gaɓa na hura wutarta, mu ma muna hura tamu. Ni ke jefa ƙwayar, Kaka na motsa baki, na ɗauka ƙirga take yi.

Ran da ƙoƙon ya rage ɗaya, gida ya cika. Mata suka shigo da kwanukan masa, Bazabarma ta rungume ni tana kuka, malamai suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na sa zanena na salla na tsaya a zaure ina jiran mota. Motar da ta zo Babana ta sauke, shi kaɗai. A bakinsa na ji cewa sadakar arba'in ɗin Inna ake yi. Ta rasu ran da mutumin nan ya yi sallama, ma'aikata suka binne ta can, tsoron ciwo ya hana kowa zuwa mana gaisuwa.

Na yi shekaru ina jin haushin Kaka. Gani nake ta mayar da ni wawiya, ina murna tana kallona. Sai da na girma na yi tunanin nata ɓangaren: 'yarta tilo ta mutu, ba ta wanke ta ba, ba ta ga kabarinta ba, ba wanda ya zauna kusa da ita ya ce ta yi haƙuri. Abokiyar makokinta ɗaya ce, yarinyar da ba ta san makoki ake ba.

Ni ma aikin jinya na yi. Ranar da ƙamus ɗin likitanci na Ingilishi ya fara shiga hannuna, Kaka ta daɗe da rasuwa, kalmar na soma nema. Jiragen suna nan, kwana arba'in ɗin suna nan, daidai yadda ta faɗa. Na karanta har ƙasan shafi ina neman tsohuwar da ke hura wuta a gaɓa. Ba ta cikin littafin.