Muryar Maigidana a Bakin Wada

Mun tashi da asuba ni da ɗiyata daga ƙauyenmu na wajen Wurno. Ita ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Motar cike take da buhunan albasa, har na ce gara haka, kowa zai ɗauka albasar ce ke sa ni hawaye. Kuɗin mota kuwa sai ka ce Makka za a kai mu.

Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Maƙeri ne. Yana da waƙar da yake yi in zai ƙera garma, kuma kaset ɗaya tal ya rage da muryarsa. Bara wasu masu shirya fim suka zo suka are shi, wai za su girmama maƙeran da. Shi na je karɓowa.

Mun shiga Sakkwato da hantsi. Masu keke napep sun cika gari, kowa na son ya riga ɗan'uwansa lahira. Muka ci masa a bakin tasha, ƙanana kamar kwabo, sannan muka nufi Gawon Nama. Ofishin nasu ɗaki ne a bayan shagon mai ɗinki. Shugabansu ya tarbe mu da fara'a, ya ce sai na ga aikin tukuna, ya kunna mana fim ɗin.

Na ga mayaƙa da huluna masu ƙaho kamar shanu. Na ji wata mata tana tsala ihu da murya siririya, na tambaya ko naƙuda take. Ya yi dariya ya ce waƙa ce. Wai mutanen wata ƙasa mai ƙanƙara suna da tatsuniyar takobin da ya karye aka sake ƙera shi. Daga baya Turawa suka mai da ita wasan da ake rerawa daga farko har ƙarshe, masu fim ɗinsu suka ɗiba daga nan, su kuma suka ɗiba daga gare su. Na ce to, aron aro ke nan.

Sai ga wani wada mai ƙusumbi a cikin rami, yana ƙera takobi, yana lashe baki a kan zinariyar da ya sato. Ya buɗe baki, muryar maigidana ta fito.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mutumin da ya shekara arba'in bai ƙera abin da zai zub da jini ba! Na ce, “Wanga ɓarawo shi ne mijina?”

Ya ce, “Inna, a tatsuniyar tasu haka maƙera suke.”

Na ce, “To ka je ka ari muryar maƙeransu. Ka saurari waƙar kuwa? Gero yake kira, da ruwan sama. Ina takobi a ciki?”

Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa sauraron kalmomin ba, amon kawai ya yi masa daɗi. Na ce a cire, ya ce fim ya riga ya fita hannunsa. Na ce a ba ni kaset ɗina, ya ce na'ura ta cinye zaren. A nan na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ya daɗe yana lalube a injinsa, har ya samo muryar yadda take tun asali, ya zuba a wayar ɗiyata.

Mun iso gida bayan la'asar. Ban shiga ɗaki ba, maƙera na wuce, na sa aka kira abokan aikinsa da duk wanda ke kusa. Aka kunna. Mai zuga ya saki zugazugi, tsofaffi suka riƙa amsawa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in za ka ba da aron murya, tambayi bakin da za a sa ta. Fim ɗin zai iso ƙauyenmu, na sani. Amma na riga shi zuwa.